Hannun Baba Shekari a Kan Rediyo

Shafi na 14

Jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafin nan yau ba za ta biyo ni gida da muciya. Ajiye muciyar, Hajiya, kar tuwonki ya ƙone. Ga shi nan.

Ku da kuka shigo mana yau, muna Kakuri ne, a shekarar da ake bin layin sabulu da madara, masaƙa kuma tana ta rage ma'aikata. Asabe, mai buga tafireta a ofishin sito na masaƙar, ta rubuta gajeren labari a ɓoye ta aika gidan rediyo da sunan 'Yar Gefen Kogi. An karanta shi Lahadin da ta wuce. Yau Malam Haruna mai sharhi zai faɗi ra'ayinsa a kai, kuma shi ne mutumin da ya taɓa ba wani marubuci shawara ya koma sayar da rake.

*

Tun da aka taso daga sujada a coci Asabe ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Uwarta, Mama Martha, ta ba ta yakuwa ta gyara, sai ga ta tana zubar da ganyen tana tara karan a kwano.

"Ke, lafiyanki kuwa?"

"Lafiya lau, Mama."

"Lafiya lau ne za ki ba mu faten kara?"

Asabe ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta soma tsince ganyen daga ƙasa.

A ƙofar ɗaki ubanta, Baba Shekari, yana kishingiɗe a kujerarsa ta katako. Rediyonsa mai rigar fata yana kan cinyarsa, tafin hannunsa na dama a shimfiɗe a kai, kamar kowace Lahadi.

Kusa da shi Oga Wilson ne, shugaban sashen saƙa. Baba ne ya koya masa ɗaurin zare tun yana saurayi, shi ya sa girma bai hana shi zuwa cin faten achan Mama ba. Amma kuma shi manaja yake tambaya duk lokacin da za a sallami wani a sashen. Ya jawo kujera dab da rediyon, ya karkata ya ba shi gefen damansa yadda ya saba.

"Baba, ƙara murya," in ji shi da muryar nan tasa da ake ji har layin baya. "Yau shirin nan da magana."

Asabe ta ɗago kai da sauri. Lahadin da ta wuce Mama tana taron Zumuntar Mata, Oga Wilson bai zo ba. Ita kaɗai ta ji labarinta a gidan nan. Baba yana zaune, rediyon na cinyarsa, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa ba.

Domin kuwa Baba Shekari ba ya ji. Shekarun da ya kwashe a tsakiyar injunan saƙa sun cinye masa kunnuwa. Bai faɗa wa kowa ba. Bakin mutum yake kallo ya gane magana, in bai gane ba ya gyaɗa kai. A wannan zamanin kuwa, wanda aka gano ba ya jin jiniya shi ake fara nuna wa ƙofa.

Labarin da Asabe ta rubuta ke nan. Ta canja sunan tsohon, ta canja garin, har gemu ta ƙara masa. A ganinta ta ɓoye shi tsaf.

Kiɗan buɗe shiri ya ƙare. Malam Haruna ya gyara murya.

"Masu saurare, kun san ni, yabo ba ya arha a wurina. Amma labarin nan mai suna Mai Amsa da Kai, na karanta na ajiye, na sake ɗauka. Kafin in ankara shayina ya huce."

Ganyen yakuwar ya tsaya a hannun Asabe.

"Yarinyar nan, ko matar nan, ban san ta ba. Ba ta yi mana wa'azi ba, ba ta roƙe mu kuka ba. Ta zaunar da mu kusa da wani dattijo, ta bar mu muna kallonsa har muka ji kunyar kanmu. Wannan ba hannun koyo ba ne. 'Yar Gefen Kogi, in kina saurare, kada ki kuskura ki ajiye alƙalami."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da ya kama Asabe ba. Tun da ta gama makarantar koyon tafireta maganar wasu take bugawa: an kawo rini, an fitar da yadi, a sa hannu a nan. Yau ga mutum a cikin rediyo, Kaduna duka na ji, yana cewa nata maganar ma magana ce. Ta so ta tashi ta yi tsalle. Ta so ta rungume Mama, ta rungume tukunyar faten ma. Sai ta cije leɓe ta sunkuyar da kai, murmushi yana ƙwace mata ta gefen baki.

"Kai, yau tsohon nan ya ci abinci mai kyau," in ji Mama. "Ko wace ce wannan, uwarta ta ji daɗi."

Da a nan Malam Haruna ya tsaya, da an tashi lafiya. Amma ina.

"Bari in gaya muku wurin da ya kashe min jiki. Dattijon nan yakan ɗora tafin hannunsa a kan rediyo. Iyalinsa sun zaci so ne yake wa rediyon. Ashe rawar murya yake ji a hannunsa. In rawar ta tsaya, ya san mai magana ya kai aya, sai ya gyaɗa kai ya ce, uhm, haka ne. Wanda bai zauna da irin wannan mutum ba, ba zai iya ƙirƙiro wannan ba."

Malam Haruna ya yi shiru don maganar ta zauna.

Rawar ta tsaya a ƙarƙashin hannun Baba Shekari.

Ya gyaɗa kai a hankali, irin na manya.

"Uhm," in ji shi. "Haka ne."

Ludayin Mama ya tsaya a cikin tukunya.

Idon Oga Wilson ya sauka a kan hannun Baba, ya daɗe a wurin, sannan ya ɗago ya kalli Asabe.

Daɗin nan duka ya zube mata a ƙafa.

Oga Wilson ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"Mama, bari in kai keke na a sa mishi iska a bakin titi. A ajiye min fate na, ina zuwa."

Ya fita.

*

"Zo nan," in ji Mama. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi tsoratar da Asabe.

Suka shiga kicin.

"Ke ce."

"Mama..."

"Ban tambaye ki ba. Na ce ke ce. Dama na ga kina dawo da takardu kina ɓoyewa kamar mai saurayi a Legas."

Asabe ta durƙusa.

"Na canja komai, Mama. Na canja suna, na canja gari. Ban san Malam Haruna zai ɗauko wurin hannun ba."

"Kin canja mishi riga kin bar mishi fuska."

"Mama, dama kin sani?"

Mama Martha ta yi mata kallon da ake wa wanda ya tambaya ko ruwa na jiƙa mutum.

"Ni da na aure shi tun ba a haife ki ba? Kin taɓa gani na kira shi daga baya? Kin taɓa tambayan kanki me ya sa nake zagayowa gaban shi kafin in ce abinci ya yi? A coci wa ke taɓa mishi gwiwa in za a tashi tsaye?"

"Amma ba ki taɓa faɗa ba."

"Shi ma bai faɗa ba. Yana rufe min don kar in damu, ina rufe mishi don kar ya ji kunya. Haka muke zaman mu lafiya, sai ga ki da tafireta."

Hawaye suka zubo wa Asabe.

"In Oga Wilson ya kai magana wurin manaja, ni na kore shi daga aiki, Mama. Da hannu na."

Mama ta juya faten da bai buƙaci juyi ba. Da ta sake magana muryarta ta sauko.

"Mutumin ya ce kar ki ajiye alƙalami, ko?"

"Haka ya ce."

"Hmm." Ta goge ido da bakin zani. "Hayaƙin nan ya dame ni."

Daga waje aka ji muryar Baba.

"Asabe!"

Mama ta nuna mata ƙofa da ludayi.

"Je ki. Ki tsaya inda haske yake a fuskan ki."

*

Baba ya kashe rediyon ya ajiye a ƙasa. Asabe ta durƙusa a gabansa, ta ɗago fuska yadda zai ga bakinta.

"Wilson ya bar fate ya tafi," in ji shi. "Wilson ba ya barin fate. Maman ki ta shiga kicin da fuskan jana'iza. Ke kuma ɗazu kina murmushi, yanzu kina kuka. Me mutumin cikin akwatin nan ya faɗa?"

Wannan ne karo na farko da ya tambayi wani abin da rediyo ya ce. Su biyun duka sun san abin da tambayar take nufi.

Asabe ta faɗa masa. A hankali, kalma bayan kalma, tana buɗe baki sosai. Labarin, sunan aro, Malam Haruna, hannun, har da uhm haka ne ɗin da ya faɗa a daidai wurin da bai kamata ba.

Baba ya kalli tafin hannunsa kamar yau aka ba shi aronsa.

"Wato Kaduna duka ta ji."

"Ba su san kai ba ne, Baba."

"Wilson ya sani."

Ta sunkuyar da kai. Ya sa yatsa ya ɗago haɓarta.

"Kar ki sunkuya, ba na jin ki in kin sunkuya."

"Ka yafe min, Baba. Ban yi don in tona ka ba. Abin ne ya cika min ciki, na rasa wa zan gaya wa, sai na gaya wa takarda."

Ya daɗe yana kallonta. Asabe ta shirya wa faɗa, ta shirya wa mari ma, duk da bai taɓa marinta ba.

"Wannan Malam Harunan," in ji Baba, "ba shi ne suke cewa a wurin cin abincin masaƙa ba ya yabon kowa ba?"

"Shi ne."

"Ya ce naki ya yi kyau?"

"Ya ce shayin shi ya huce yana karantawa."

"Shayin shi ya huce." Baba ya maimaita, yana jujjuya maganar a baki. Gefen gashin bakinsa ya motsa. "To me kuma ya ce? Faɗa min duka. Kar ki rage, ina kallon bakin ki."

Ta faɗa masa duka. Da ta zo wurin wannan ba hannun koyo ba ne, sai ya ce ta sake. Ta sake. Ya ce ta kuma sakewa, wai gashin ido ya shiga masa.

"To a ƙarshen labarin, me ya faru da tsohon?"

"Ban kore shi ba, Baba. Na bar shi a gaban injin shi, gari na wayewa."

"Kin kyauta mishi." Ya jawo rediyon ya mai da shi cinyarsa. "Amma kin yi kuskure ɗaya."

"Wanne?"

"Da farko, gaskiya ne, don in rufe muku nake sa hannu. Amma yanzu ba shi ke nan ba. Kawo hannun ki."

Ya kunna rediyon, ya ɗora tafinta a kai, ya danne da nasa. An koma kiɗa. Ta ji ganga tana bugawa a cikin ƙasusuwan yatsunta.

"Kin ji? Nan ne kawai ya rage min da nake jin waƙa. Ranar da kuka yi waƙan Kirsimati a rediyo da mawaƙan coci, a nan na ji ki." Ya saki hannunta. "In za ki sake rubutawa, ki sa wannan. Kar mutane su ɗauka tsohon maƙaryaci ne kawai."

Asabe ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka mai dalili. Shi kuwa yana ɗan bubbuga bayanta yana kallon ƙofar gida, don ya san maganar ba ta ƙare ba.

*

Ƙarar keke ta tsaya a waje. Oga Wilson ya shigo, tayoyin kekensa kuwa yadda suka fita haka suka dawo.

Mama ta fito daga kicin ta tsaya a bayan kujerar mijinta. Baba ya miƙe ya gyara wuyan rigarsa.

"Wilson, ba sai ka wahalar da kanka ba. Abin da ka gani gaskiya ne. In manaja ya tambaye ka, kar ka yi ƙarya saboda ni. Kai ma kana da yara."

Oga Wilson ya zo ya tsaya daidai gabansa, ya cire hula.

"Baba, zauna. Manaja ya riga ya tambaye ni."

Asabe ta matso kusa da ubanta.

"Matan shi ce ta ji labarin wancan Lahadi, ta hana shi barci. Ran Litinin ya kira ni ofis, ya ce ko da an canja gari, wannan warin audugan mu ne. Ya ce in nemo mishi tsohon, in nemo wanda ya rubuta."

"To ga ni," in ji Baba.

"Tsaya mana, Baba, ban gama ba. Kafin in fara nema, sai ga George na injin kusa da ƙofa ya same ni a bayan sito. Ya riƙe min hannu, wai don Allah in rufa mishi asiri, labarin nan da shi ake. Washegari Malam Audu mai gyaran ƙoshiyan saƙa ya tare ni a hanyan Makera, wai shi ne, har yana rantsuwa matan shi ce ta kai gulman shi gidan rediyo. Kafin Juma'a, abeg, na rasa inda zan ɓuya. Kowa ya ja ni gefe, kowa shi ne tsohon. Wani ma ko rediyo ba shi da shi."

Mama ta toshe baki. Dariya ce ko kuka, ita ma ba ta tantance ba.

Baba yana bin bakin Wilson da ido, bai ko ƙifta ba.

"George?" in ji shi. "George da nake gyaɗa mishi kai yana gyaɗa min?"

"Shi fa. Shekara da shekaru kuna gaisawa, ba wanda ya san me ɗan'uwan shi ya ce."

Baba ya koma ya zauna a hankali. Wata irin dariya ta kuɓuce masa, mai ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Jiya mun zauna da su bayan an tashi," in ji Oga Wilson. "Mutum ɗaya ana iya koran shi a ɓoye. Amma in rabin sashen saƙa ya shiga ofis ya ce ga abin da injin ya yi mana, sai dai a zauna a yi magana. Ko abin toshe kunne ne a fara ba yaran da suka shigo yanzu. Sun yarda gobe da safe mu je tare. Amma sun ce ba za su shiga ba sai da wanda ya rubuta, don shi ya iya faɗan abin da bakin mu ya kasa." Ya juyo. "Na zo yau ne in tabbatar. Na kuwa tabbatar."

Asabe ta tuna teburinta a ofishin sito, da tafiretar kamfani, da cewa ita ma takarda ɗaya ta isa ta mai da ita gida.

Kafin ta buɗe baki Baba ya kama wuyan hannunta ya ɗaga sama.

"Ga ta nan," in ji shi, da muryar da ta sa maƙwabta leƙowa ta taga. "Ba wata 'Yar Gefen Kogi. Sunan ta Asabe Shekari. In an ga Malam Harunan a gaya mishi ya kira sunan daidai."

"Baba, a hankali, ana ji."

"A ji mana. Ni ne dai ba na ji."

Oga Wilson ya mai da hularsa, ya karɓi kwanon faten da Mama ta miƙo masa a rufe, ya ɗaure a bayan keke.

"Kafin jiniyan safe, a bakin get," in ji shi, ya juya ya kama hanyar fita.

Sai a lokacin tambayar da ta fi damun Asabe ta zo mata.

"Oga, da manaja ya ce a nemo mu, fuskan shi fa? Na faɗa ne ko na sulhu?"

Oga Wilson ya ci gaba da tura kekensa.

"Oga Wilson."

Bai juyo ba.

"Oga!"

Ko gezau. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

Mama ta taɓa kafaɗarta, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ta hagun shi kike. Zagaya gaban shi."

Asabe ta zagaya da gudu ta tare keken a bakin ƙofa. Oga Wilson ya tsaya. Idonsa bai je kan idonta ba, kan bakinta ya sauka.

Suka tsaya a haka, ita ta gane, shi ma ya san ta gane.

"Ranar da aka karanta labarin ki," in ji shi, yau kam a hankali, "hannu na yana kan rediyo."

Ya gyara riƙon keken.

"Gobe ni zan fara shiga ofishin manaja."